Hannun Hagun Baba Amos

Zuwa ga Baba Amos,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, irin wadda ɗa ke yi wa uba. Da kana raye, da na ci gaba da tambayar lafiyarka da ta gwiwoyinka, kamar yadda aka koya mana buɗe wasiƙa a makaranta. To, ba ka raye. 'Yata Safiya ta bugo mini waya daga unguwar Barking ta Landan ranar Talata ta ce an binne ka. Mutum biyar ne a wurin, har da ita, har da direban motar gawa. Shekara ɗari da ɗaya ka yi a duniya, Baba, mutum biyar suka raka ka.

Da Hausa nake rubuta maka, wadda ba ka ji, in ban da "sannu" da matata Binta ta koya maka. Na gwada da Turanci, sai na tarar ina rubutu kamar mai amsa takardar tuhuma a ofis. Shekara talatin da biyar na yi ina irin wannan rubutu a aikin gwamnati, na ƙware wajen wanke kaina da shi. Yau ba wanke kai na zo yi ba. Na kuma sa wasiƙar a fili inda kowa zai karanta, domin a gaban jama'a na yi maka abin da na yi, kuma har ka koma ga Mahaliccinka ban samu ka yafe mini ba.

Ka tuna ranar da na zo ƙofarka a Deptford? Lokacin kuɗin fetur ya faso mana, gwamnati na tura mu kwas Ingila rukuni-rukuni. Ina ɗan shekara ashirin da bakwai, ga kwat sabuwa fil, ga jakar fata a hannu, ina jin duk duniya ba wanda ya kai ni. Kwana uku ina yawon neman ɗaki. In na buga waya a ce akwai, in na iso aka ga fuskata a ce yanzun nan aka kama. Kai ka buɗe, dogon Ba'amurke, baƙi kamar ni, kanka ya yi fari fat. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Shigo, son, ruwa na dukan ka." Son, wato ɗana da Turanci.

Da hagu ka miƙo mini hannu. Da hagu ka ba ni mabuɗi, da hagu ka ajiye mini kofin shayi. Hannunka na dama yana cikin baƙar safa ta fata, cikin aljihun rigar sanyinka. Tun a ranar na ƙullace ka.

Ban taɓa yi maka bayani ba, bari in yi yanzu. A wurinmu hannun hagu na tsarki ne, na shiga bayi. Ba a bayarwa da shi, ba a karɓa da shi, ba a sa shi a kwano. Wanda ya miƙa wa babba abu da hagu ya zage shi. Ni kuwa bahago aka haife ni. Gwaggota kan ɗaure mini hannun nan ta baya da gefen zane duk lokacin cin tuwo, in ya kuɓuce ta make shi da ludayi, wata da watanni, har na koma dama. Ina alfahari da hakan, ina ganin an mai da ni mutum. Sai ga dattijo da furfurarsa yana yin abin da aka dake ni a kansa, ko a jikinsa.

Za ka ce me ya hana ni tambaya. An koya mana ba a tambayar mutum abin da ya rufe. Sai na kama bakina, na yi shari'ar ni kaɗai a raina, na yanke: ko dai gadara ce irin ta mutanen Amurka, ko kuwa kana ƙyamar taɓa mu da hannun kirkin. Ka ji wauta! Mutumin da ya ba ni ɗaki bayan unguwa guda ta hana ni.

Ranar Lahadi da rana kakan fita ɗan filin da ke bayan kicin, ka jingina tsohuwar katifa a bango, ka yi ta jifan ta da wata farar ƙwallon fata mai jan ɗinki. Wani jifan ya samu tsakiya, wani ya kauce ya bugi bulo. In ya kauce sai ka yi tsaki ka ce, "Hannun aro ne wannan." Na sha jin maganar nan ta taga, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me kake nufi ba.

A nan ka ba ni labarin besbol, wasanku na Amurka da ake jefa ƙwallo wani ya make ta da sanda. Ka ce shekara tara kana cin abinci da jifa, a ƙungiyoyin baƙar fata, don fararen ƙasarku ba sa shiga fili da ku. Mota ɗaya, gari zuwa gari, wani lokaci wasa biyu a yini. A tafa muku a fili har hannu ya yi zafi, a fito a hana ku ɗaki a otal, ku kwana a kujerun mota da warin safa. Kana ba da labarin kana dariya har da hawaye. Ka ce akwai ranar da ka sallami mutum tara a jere, ba wanda sandarsa ta ko shafi ƙwallon, wata tsohuwa ta tsallako shinge ta ba ka kaza soyayyiya.

Daga nan sai ka ce, "Sai aka yi yaƙi." Ka tashi ka ɗora buta. Abin da na sani bai wuce cewa an sa ka soja a yaƙin duniya na biyu ba, ka tuƙa motar kaya a Faransa, da aka gama ba ka koma gida ba. Ka auri Baturiya, ka binne ta kafin zuwana, ba ku haihu ba. Ka yi aikin tsaron lif a wani kanti har ka yi ritaya. Bayan yaƙi fararen ƙasarku suka buɗe wa baƙaƙe filayensu, waɗanda da suke zaman benci a bayanka suka shiga jarida. Kana yanke hotunansu da almakashi kana tarawa a gwangwanin biskit, ban taɓa jin ka zagi ko ɗaya ba.

Wata Lahadi na fito shanya, ka wurgo mini ƙwallon ba zato. Kafin in yi tunani, hagu ya cafe. Ka ƙyalƙyale da dariya ka ce, "Ashe bahago ne kai! Da a garinmu ne, da an yi rububin ka." Na yar da ƙwallon na ce Allah Ya kiyaye. Kwana biyu ina amsa gaisuwarka da ƙyar.

Binta ta iso da cikin wata biyar. Ita ta fara ce maka Baba, ta ce bakinta ba zai iya kiran sunan mai furfura gatsau ba. Ranar da naƙuda ta kama ta ina aji. Kai ka fita cikin ruwa da gwiwoyin nan naka ka taro tasi, ka zauna a bencin asibiti har na iso.

Sai ranar suna.

Falonka ka ba mu. Tun safe kana jan kujeru zuwa kicin da hannu ɗaya, ka fito da farantan marigayiya matarka da ba ka taɓa bari a taɓa ba. Mutanenmu suka cika gidan, ɗalibai da likitoci da masu kwas irina. Cikinsu akwai Alhaji Mudi, babban sakataren ma'aikatarmu, ya zo Landan ganin likita. Ƙarin girmana a hannunsa yake. Tun da ya shigo nake kai da kawo kamar sabon masinja.

Aka raɗa wa yarinya suna Safiya, aka yi addu'a, aka shimfiɗa leda, aka kawo tiren shinkafa da naman rago. Kana tsaye a bakin ƙofa za ka hau sama, Binta ta aiko daga ciki wai lallai Baba ya zauna ya ci da maza. Ka ga kowa a ƙasa, ka sauka ƙasa, gwiwoyinka na ƙara. Ka ga ana wanke hannu, ka wanke. Ka ga ba a yi amfani da cokali ba, ka ajiye naka don ka girmama mu. Ka sa hagu a tire.

Hannaye suka janye ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Mudi ya dube ni ta saman tabarau ya ce da Hausa, "Lawal, wannan mutumin naka ba ka koya masa zama da mutane ba?"

Da na matso kusa da kai na yi maka raɗa, da shi ke nan. Da na ɗebar maka a faranti. Akwai hanya ɗari, Baba. Sai na ɗaga murya da Turancin da nake taƙama da shi, don Alhaji ya ji na iya. Na ce maka wannan hannun na wanke kashi ne. Na ce ka ɓata wa baƙina abinci. Na ce wata tara ina haƙuri da rashin tarbiyyarka, in ba a koya maka a gida ba, ka fito da hannun da kake ɓoyo ka ci kamar ɗan Adam.

Ka fito da shi. Ka kama bakin safar da haƙori ka zare a hankali. Yatsu huɗu sun narke sun manne da tafi, fatar tana sheƙi, fari-fari da ja, kamar roba da ta sha wuta. Babban yatsa kaɗai ke motsi. Ka ɗora shi a gwiwa ka ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Da wannan kake so in ci, son? Shekara talatin ina lallashin sa ya riƙe mini cokali."

Tashi ya ɗauke ka lokaci. Hannu ɗaya ke dafa ƙasa, gwiwoyi sun ƙi. Maza fiye da goma muna zaune, ba wanda ya kama ka, har da ni. Da ka miƙe ka ce Allah Ya raya yarinya, ka hau sama.

Alhaji Mudi ya ce subhanallahi. Aka ɗauke tiren aka kawo sabo. Na ci, Baba. Wallahi na ci, har na tura wa Alhaji tsoka gabansa.

Da baƙi suka watse Binta ta ja ni gaban hoton nan naka da ke kan murhun falo, kana saurayi cikin rigar wasa, ƙafa ɗaya a sama. Ta ce, "Malam, dubi hannun da ya riƙe ƙwallon." Na dama ne. Ita tun makonta na farko ta gane, ta ɗauka ni ma na gane, kunya ta hana ta ɗauko zancen. Ni kuwa kullum sai na wuce hoton nan sau goma. Ta ce in hau yanzu in durƙusa. Na ce sai gobe, in zuciya ta huce.

Wata huɗu muka ƙara a gidanka. Da ka kore mu da na ji sauƙi. Ba ka canza fuska ba, kullum da safe kwalaben madararmu na bakin ƙofar ɗaki, kai ka hawo da su. Abu ɗaya ne ya canza: ka daina cin abinci a gabana. In na shigo kicin kana ci, sai ka ajiye cokali, ka sauke hannu ƙarƙashin tebur, ka jira in fita. A gidanka, a teburinka. Sai na koma leƙe kafin in shiga, na kira wannan ladabi.

Mu in za a rabu, akan ce a yafi juna, ko ba a yi wa juna komai ba. Al'ada ta shimfiɗa mini hanya, kalma uku ce kawai. Ranar tafiyarmu Binta ta durƙusa da Safiya a goye tana kuka, ta roƙe ka gafarar abin da ba ita ta yi ba. Ni ina kan titi ina yi wa masu ɗaukar kaya faɗa kan akwatin talabijin da firiji da za a kai jirgin ruwa. Da na zo sallama ka fara ɗago hagu, sai ka tuna, ka mayar da shi aljihu. Muka tsaya hannu huɗu ba wanda ya taɓa wani. Na ce tasi na jira.

An yi mini ƙarin girman. Har kujerar Alhaji Mudi na zauna daga baya.

Binta ta riƙa aiko maka da kati duk ƙarshen shekara, kana amsawa da rubutun nan naka mai karkata, a ƙasa ka sa a gai da Lawal. Duk sanda ta miƙo mini biro in ƙara layi, sai in ce irin wannan magana ba ta takarda ba ce, sai ido da ido. Da ta rasu katin ya tsaya.

Kada ka ɗauka nisa ne ya hana ni zuwa. Na sayi gida a Barking saboda karatun yara, kusan duk shekara ina Landan. Juma'a in tafi masallacin Regent's Park, liman ya yi huɗuba kan haƙƙin mutane, yadda Allah ba Ya yafe shi sai mai shi ya yafe, in gyaɗa kai tare da kowa. Sau biyu na hau jirgin ƙasa na sauka Deptford da niyya. Duka biyun a kasuwa na ƙare, na sayi doya da busasshen kifi na juya. Wata shekarar na ce ai yanzu ka mutu, har na ji wani sanyi a raina, tir da ni. Allah kuwa Ya yi ta ja maka kwana, tamanin, casa'in, ɗari. Shekara talatin da bakwai ƙofa a buɗe, ban shiga ba.

Safiya ce ta tono ka. Uwarta ta ba ta labarin kafin ta rasu, abin da ban sani ba sai daga baya. Bara da na zo ta ce, "Baba, na same shi. Yana care home, gidan kula da tsofaffi, hukumar council ce ta kai shi. Na yi booking ranar Asabar, kuma don Allah kada ka yi cancel." Ba ta taɓa yi mini magana da wannan murya ba.

Wata ma'aikaciya 'yar Gana, Memuna, ta tarbe mu da Hausarsu ta zango. Ta ce, "Alhaji, ka zo a sa'a, yau tsoho ya farka. Amma kanshi ya tafi, ko matanshi da ya mutu ba ya tunawa." Kana kan kujera gefen taga, ka ƙanƙance, bargo a cinya. Ba safa, hannun yana waje kowa na gani.

Na tattare babbar riga na durƙusa. Na faɗi duk abin da na yi shekaru ina bitar sa: sunana, gidan, ranar suna, kalmomin da na faɗa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ka yafe mini. Sai ka damƙi wuyan rigata ka ce, "Ruben? Kai ne?"

Ban san wani Ruben ba. A guntu-guntu labarin ya fito, wanda kake tashi ka ɗora buta don kada ka faɗa. A yaƙin, motarsa ce a gaban taka, ta taka nakiya, wuta ta kama. Ƙofa ta maƙale, yana ciki. Ka kama marfin da dama kana ja, ƙarfen ya yi ja. Ka ce, "Na ja, Ruben, Allah shaida na ja. Sai na saki. Kana kiran sunana na saki." Kana kuka irin na tsofaffi, ba hawaye, sai kafaɗa ke rawa. Ka ce in yafe maka. Ka sake faɗa. Ka sake.

Ashe abin da ke cikin safar nan ke nan. Shi na ce ka fito da shi a gaban baƙi.

Memuna ta sunkuyo ta ce duk namijin da ya shigo ɗakin haka kake yi masa, kowa sai ya yi murmushi ya wuce. Ta ce, "Alhaji, ka amsa shi mana." Na dubi Safiya, ta kau da kai. Ni da na zo roƙo, ni ake roƙo. Na ce, "Na yafe maka, Amos. Ba laifinka ba ne." Na faɗa da sunan mutumin da ban taɓa gani ba, wanda ya ƙone tun ba a haife ni ba. Ka saki rigata, ka yi ajiyar zuciya, kafin a kawo shayi ka yi barci.

Da na so in ce daga ranar ka huta. Safiya ta koma bayan mako, Memuna ta ce washegari da safe mai gyaran hitar ɗumama ɗaki ya shigo, ka kama shi kana kiran Ruben. Haka ka yi ta yi har ƙarshe. Duk abin da na iya yi maka a rayuwa, Baba, barcin yamma ɗaya ne, shi ma da ƙarya na samo shi.

Ina kewar ka. Ban cancanci faɗin haka ba, amma gaskiya ce. Ubana na da rai a lokacin, duk da haka ba wanda ya taɓa duban hannuna na hagu ya yi murna sai kai.

Na tambayi limamin unguwarmu irin addu'ar da ta halatta in yi maka tun da ba Musulmi ba ne kai, ya ba ni amsar da na riga na sani, ban yi masa musu ba. Ban isa in tsara wa Allah yadda zai yi da bawanSa ba. Shi Ya ga hannunka a kan ƙarfen nan, Shi Ya san daƙiƙa nawa ka riƙe kafin ka saki, ilminSa ya fi nawa da na liman. Na bar ka a wurinSa. Allah Ya sa Ruben ya amince da abin da na faɗa da bakinsa. Allah Ya jiƙan Binta da ta ce in hau sama a ranar. Allah Ya yi wa Safiya albarka da ta tsaya a bakin kabarinka a madadin uban da bai je ba. Masu karanta wannan, Allah Ya hana ku cewa sai gobe.

Ni kuwa tawa maganar tana nan yadda take. Ba ka ji ni ba, ba ka amsa ba. Za a tsayar da mu ni da kai, kuma a ranar hankalinka zai dawo, za ka gane ni. Ina tsoron ranar nan, Baba, amma ita kaɗai ta rage mini.

Naka, wanda ka kira ɗa,
Lawal